Tsarabar Ƙarƙashin Rumbu

Duk wanda ya san Dela matar Jimrau a Dakoro ya san mace ce mai baki. In ta tsaya ciniki, mai kaya ne ke fara gajiya. Amma akwai suna ɗaya da shekara tara cur ba wanda ya taɓa jin ya fito daga bakin nan nata, sunan ɗiyarta ta fari. Sa'adiyya aka raɗa wa yarinyar. Ran da aka yaye ta, Inna Uwale, uwar Dela, ta goye ta ta tafi da ita Gidan Abarci, wani ɗan ƙauye gaba da Mai Yara, kuma can take har yanzu. Haka ake yi a danginsu tun kakanni. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In dole ta sa Dela ta yi zancenta, sai ta ce "yarinyar Inna", ta kau da kai.

To wanda ya ce ba ta sonta bai san Dela ba. Tana sonta har abin na yi mata ciwo a ƙirji. Sai ta samo wata dabara tata. Duk ran da ta je cin kasuwar Mai Yara ta biya gida gaida Inna, takan sayi ƙuli-ƙuli mai yaji, ta ɗaure a leda, in za ta tafi ta faki ido ta tura shi ƙarƙashin rumbun Inna, tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Ba ta taɓa gaya wa yarinyar ba, yarinyar ma ba ta taɓa yin godiya ba. Amma duk zuwan da Dela za ta yi, in ta leƙa, sai ta ga wurin wayam.

Wannan karon da kaka ne. Jimrau ya kwaso damman gero ya jibge a ɗakin ajiya, ɓeraye kuwa suka ce tasu ta samu. Da rana tsaka sai ka ji suna tsere a cikin damman, ko kunyar mutane ba sa ji. Da Dela ta ce za ta kasuwar Mai Yara, Jimrau ya ce ko me za ta manta, kada ta manta maganin ɓera, don an ce akwai wani mutum can mai na gaske. Ta ce ita ba ta mantuwa.

Tun da sanyin safiya ta je tasha, ta hau wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ta zauna kan buhunan gishiri tare da 'yan kasuwa. Rana ba ta gama zafi ba suka isa. Nan fa Dela ta shiga abin da ta iya. Ta auni wake sabon girbi, ta sayi busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa. Ta tsaya gaban wata Buzuwa mai cuku suka yi ta ja-in-ja har matar ta yi dariya ta ƙara mata ɗaya. Ta sayi man shanu a gora, ta sayi goro da sukari na Inna. Sa'an nan ta je wajen mai ƙuli, ta ɗanɗana na faranti uku kafin ta zaɓi wanda ya fi ƙamshi, aka zuba mata a baƙar leda, ta ɗaure.

Mai maganin ɓera ba ya da wuyar samu. Yana bakin kasuwa da lasifika, ya rataye matattun ɓeraye a igiya don masu shakka. Ya ce mata ɓerayen yanzu sun yi wayo, ba sa cin gari, shi ya sa yake jiƙa maganin a cikin ƙuli-ƙuli ya shanya. Ba wari, ba launi, kuma wanda ya ci ba ya kaiwa raminsa. Ya ja mata kunne ta yi nesa da shi daga yara da kaji. Shi ma a baƙar leda ya zuba, don duk kasuwar nan ba wata leda sai baƙa.

Dela ta dubi ledar nan, ta dubi ta tsarabarta, ta ga kamar uwa ɗaya ta haife su. Ai ba sakarai ba ce. Nan take ta ɗaure bakin ta maganin sau biyu, ta ja da haƙori har ya yi tamau, ta ce a ranta mai ɗauri biyu ta ɓera ce. Ta cusa su duka a buhu, ta hau amalanken wani ɗan garinsu zuwa Gidan Abarci.

Inna Uwale ta tarbe ta da mita, kamar kullum. Wai ta zo da rana tsaka kuma za ta ce tana sauri, wai mutanen birni sun mai da zumunci kamar leƙen rijiya. Tana mitar tana dama mata fura. Can sai ga yarinyar ta shigo da kwanon ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta gaishe ta a hankali. Dela ta amsa tana kallon danga. Amma da wutsiyar ido ta ƙare mata kallo tsaf. Ta yi tsawo, haƙoran gaba sun fito manya, kitson kanta ya tsufa, akwai wani sabon tabo a ƙaurinta da ba ta san da shi ba. Ta so ta tambayi abin da ya ji mata, ta haɗiye.

Daga nan aka shiga zagayen dangi. Gidan baffa an yi haihuwa, sai an yi barka. Gidan gwaggo an yi rashi tun da damina, sai an yi gaisuwa. Kowane gida sai an zauna, sai an sha wani abu, sai an ba da labarin ciwon ƙafar wane da rikicin gonar wane. Kafin Dela ta farga har an yi la'asar, ga motar ƙarshe ba ta jiran kowa. Ta ɗauki buhu a gaggauce, Inna kuwa ta ce sai ta raka ta, ta manne mata a kafaɗa tana ta ba da saƙon gaisuwa ga Jimrau.

Sun zo daidai rumbu, Dela ta rasa yadda za ta yi. In Inna ta ga tana ɓoye wa ɗiyar fari tsaraba, ai ta shiga uku da gori har ƙarshen rayuwarta. Sai ta durƙusa kamar za ta gyara takalmi, ta sa buhun a bayanta, ta zura hannu ba tare da ta duba ba. Yatsunta suka ji taurin ƙuli a cikin leda, ta zaro, ta tura tsakanin duwatsu.

"Mi kike nema nan?" in ji Inna.

"Ƙaya ce ta soke ni."

Ta miƙe suka wuce. Da ƙyar ta koma kasuwa ta samu motar, direba har ya tayar.

Sun yi nisa sosai, kasuwar ta ɓace a bayansu, sai Dela ta tuna cukunta. Ta ce bari ta ware ledar maganin gefe kada ta taɓa abinci. Ta laluba ta zaro ta. Ɗauri ɗaya ne a bakinta.

Ta tsaya tana kallon ɗaurin. Ta ce a ranta wataƙila ɗayan ne ya kwance. Ta buɗe, ƙamshin yaji ya bugi hancinta, ƙulin nan ne da ta zaɓa da bakinta. Ta zazzage buhun kaf a kan ƙafafun mutane, wake da kuka da daddawa, tana jujjuya kowace leda. Babu mai ɗauri biyu. Wani sanyi ya taso mata daga tafin ƙafa har tsakar ka. Da hannunta ta ɗauki guba ta ajiye a wurin da yarinyar ta fi yarda da shi a duniya.

Ta ciro salula ta kira ƙanenta Mamani, don duk gidan shi kaɗai ke da ita. Ta yi ta ƙara, can wata baƙuwar murya ta ɗauka. Mai sharje ne na kasuwa, wanda ake kai wa salula ya sa mata caji. Ya ce Mamani ya bar ta nan tun safe, ya tafi wajen dabbobi, sai ya dawo. Dela ba ta tsaya jin sauran ba, ta hau dukan rufin motar da tafin hannu har direba ya taka birki.

Ya leƙo yana faɗa, ya ce wa ke son fasa masa mota. Ta ce ya juya, ta bar guba inda yarinya za ta ci. Ya ce wace yarinya. Ta ce yarinyar Innarta. Ya ce to ta kira gida mana, shi da wannan lodi in ya sauka daga sawun taya cikin rairayi, nan za su kwana. Mutane suka fara cewa ta yi haƙuri, ai akwai manya a gidan, za su gani. Ta yaya za ta gaya musu cewa ba babban da ya san da wurin nan?

Akwai wani dattijo a gefen motar, Intalla, Buzu mai sayar da raƙuma. Ya dube ta ta saman rawaninsa, ya juya ga direba.

"Ɗiyarta ce. Ta hwari."

Direban ya sauko da kansa ya tsaya tsakiyar hanya, ya tare wani mai kabu-kabu da ke tahowa daga kasuwa da buhun gero a bayan moto, wato babur. Zakiru sunansa. Jin abin da ya faru, ya ture buhun ƙasa ya juya kan moto. Dela ta haye. Kayanta na nan warwatse a mota, ita da ko albasa ɗaya ba ta bari a kasuwa, ko waiwaye ba ta yi ba.

Moto na gudu, kanta na gudu fiye da shi. Ta san al'adar yarinyar ko da ba ta taɓa gani ba. Za ta jira baƙuwa ta tafi, ta jira Inna ta shiga ɗaki, sa'an nan ta zagaya rumbu. Yanzu Inna ta daɗe da komawa. Yanzu ta ɗauka. Wataƙila yanzu tana ci. Maganar mutumin nan ta dinga dawo mata, wanda ya ci ba ya kaiwa raminsa. Ta tuna gidan likita mai kirki sai Dakoro, ta tuna tsawon hanyar. Tana ta salati, salatin na kakkaryewa a bakinta. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ran naƙudar yarinyar. Abin da ya fi cin ta shi ne, in wani abu ya faru, yarinyar nan za ta tafi ba ta taɓa jin uwarta ta ce mata ko sannu ba.

Ta ce wa Zakiru ya bar hanyar kasuwa ya yanke ta gonaki. Ya yanke. Saura kaɗan su isa, a wani kwari, tayar baya ta nutse cikin rairayi, moto ya yi ta kuka ba ya gaba. Dela ta dira. Ta cire takalma ta watsar, ta tattare zane, ta faɗa cikin karan gero da aka girbe. Kututturan kara na yankar ƙafarta, ƙarangiya ta lulluɓe mata zane har gwiwa, ba ta ji komai ba. Mace mai 'ya'ya huɗu tana gudu kamar an koro ta.

Ba ta yi sallama ba. Kai tsaye ta nufi rumbu, ta faɗi a gwiwa, ta zura hannu tsakanin duwatsu har kafaɗa. Rairayi kawai ta damƙo.

Inna Uwale ta fito daga ɗaki da faifai a hannu, ta ga ɗiyarta ba kallabi, ƙafa na jini. Dela ta ce ina yarinyar. Inna ta ce ta kora awaki tudun bayan rijiya da ƙawayenta, lafiya? Dela ta riga ta fice.

Rijiyar cike take, lokacin shayar da dabbobi ne. Baffanninta biyu na nan suna jan guga, matan gari sun jera tulunansu, har da gwaggon da ta yi wa gaisuwa ɗazu. Duk suka saki abin da suke yi suna kallonta. Ita kuwa tudun take kallo. Can sama, gindin wata aduwa, 'yan mata huɗu ne zaune a da'ira. Ta tsakiyar na riƙe da baƙar leda, ta sunkuya tana cizon bakinta. Dela na gani ledar ta buɗe. Tana gani yarinyar ta sa hannu, ta miƙa wa ta dama, ta miƙa wa ta hagu.

Tsakaninsu da nisa, ga hawa, ga rairayi mai zurfi, ga numfashinta ya ƙare. Ba za ta kai ba. Ta ɗaga murya ta ce ke, ke yarinya. Iska ta kwashe. Duk garin nan wace yarinya ce ba a ce mata ke? Ko ɗaya ba ta waiwayo ba. Yarinyar ta miƙa wa ta uku, ta ɗauki nata.

Sunan kaɗai ya rage mata. Shekara tara yana nan, a cikin rai kaɗai take faɗarsa. Ga baffanni, ga gwaggo, ga takun Inna tana tahowa a bayanta. Hannun yarinyar ya ɗago zuwa baki.

"Sa'adiyya!"

Har shanun da ke shan ruwa sai da suka ɗaga kai. Yarinyar ta daskare da ƙulin a gaban leɓenta, ta juyo a hankali tana neman mai muryar.

"Sa'adiyya, kada ki ci! Ku yar!"

Da rarrafe Dela ta ƙarasa tudun. Ta bi hannuwansu tana kaɗe ƙulin, ta kama haɓar kowacce ta buɗe bakin ta duba, ta sa yatsa ta shafo. Da ta zo kan Sa'adiyya sai da ta duba sau uku, tana tambaya kin ci, kin lasa, ki gaya mini gaskiya. Yarinyar ta girgiza kai, idonta ya cika da hawaye don tsoro. Dela ta kore awakin da suka matso, ta tsince ƙulin ɗaya bayan ɗaya daga cikin rairayi ta mayar leda. Sai a nan ta zauna daɓas.

Ƙaramar cikin ƙawayen ce ta fashe da kuka, tana cewa ai da tuni sun cinye. Wai tun ɗazu suke roƙon Sa'adiyya ta yaga ledar, ta ƙi, ta zauna tana fama da ɗaurin nan mai taurin tsiya da haƙori. Wai Sa'adiyya ba ta taɓa yaga ledar ƙarƙashin rumbu ba, kwancewa take ta ninke, duk suna nan jere ƙarƙashin tabarmarta. Dela ta ji wannan, ta sunkuyar da kai, ta kasa kallon kowa.

Aka sauko bakin rijiya. Baffa ya zuba ruwa, aka wanke hannuwan yaran da toka, aka sa suka kurkure baki. Wani ya karɓi ledar ya ce zai haƙa rami mai zurfi ya binne. Zakiru ya iso yana tura moto, takalman Dela rataye a ƙahonsa. Kowa na ta hamdala, kowa na ta zagin masu zuba guba a abinci, kuma ba wanda ya ta da zancen abin da duk suka ji da kunnensu. Gwaggo dai ta dubi Dela ta rufe baki da gefen mayafi.

Inna Uwale ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, har da zancen rumbu. Dela ta jira gorin. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙafar ɗiyarta mai jini.

"Shekara nawa kina ganin ban san da rumbun nan ba?" in ji ta. "Ku taho gida, yau nan za ki kwana."

Ta juya ta shige gaba. Rana ta yi ja, awaki sun kama hanya da kansu. Inna, wadda kullum ke kukan ciwon gwiwa, yau sai ga ta tana sauri har ta ba su rata. Dela na ɗingishi a baya, yarinyar na gefenta, ba mai kallon wata. Sun wuce gonar farko. Can Dela ta ji an kama gefen zanenta, ana cire mata ƙarangiya ɗaya-ɗaya.

"Sake hwaɗi," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

Dela ta ɗaga ido ta dubi bayan uwarta. Inna ba ta waiwayo ba. Ta dai ɗaga hannu biyu ta gyara kallabinta, ta jawo shi ƙasa har ya rufe mata kunnuwa.

"Sa'adiyya," in ji Dela.